Wankin Madubi

Ranar da Auta ta fara hawa tudun da jami'a ta gina ɗakin kallon taurari a kansa, don binciken digirinta, hadari ne ya tarbe ta. Motar jami'a ta sauke ta a bakin ƙofa da la'asar, direba ya juya da sauri don kada ruwa ya tare shi a hanya, ya bar ta tsaye rungume da kwamfuta. Gabanta wata farar kubba ce a rufe ruf, iska na kaɗa sakakken kwano a gefenta, yana ƙara kamar ana buga ƙofa daga ciki.

Ta yi sallama har ta gaji. Can sai aka amsa daga sama, wani saurayi ya sauko daga tsani da sifana a hannu, rigarsa duk baƙin mai.

"Ke ce mai tsofaffin taurari?" ya tambaya.

"Ni ce. Kai ne mai gadi?"

"Injiniya suke ce min in suna so na gyara abu. In na ɓata kuma sai na koma wannan yaron."

Ba ta yi niyyar dariya ba, amma ta yi. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta har ya manta da buɗe ƙofar, sai da ɗigon ruwa ya fara sauka a kansu.

A ciki ya nuna mata na'urar hangen nesa, da madubin da ke kwance a gindinta, faffaɗa, wanda mutum biyu ba za su iya ɗagawa ba. Ta leƙa ta ga ya yi dusu-dusu, ta ce me ya hana a goge shi. Ya ce ta rufa masa asiri. Ba a taɓa madubin nan sai Farfesa, shugabar sashe, ta sa hannu, kuma wanda ya riƙe aikin kafin shi, taɓa madubin ne ya kore shi. Shi kansa har yanzu a kan gwaji yake, ba a tabbatar da shi ba.

Aikinsa na rana ne. Yana shafa wa na'ura mai, ya duba wayoyi, da magariba ya miƙa wa ɗalibai makulli ya sauka ɗakinsa a gindin tudu. Don haka tsakanin la'asar da magariba ne kaɗai suke haɗuwa, amma ga masu so ai wannan ma fili ne.

A kan shayi ta yi masa bayanin abin da ya kawo ta. Akwai taurarin da ake haifa lokaci guda daga gajimare ɗaya, su zauna gungu, 'yan uwa ciki ɗaya. Irin gungun da take nazari sakakke ne, ba abin da ya ɗaure su sosai, don haka yawancinsu watsewa suke yi tun suna yara. Wanda ya tsufa bai watse ba abin nema ne. Nata aikin shi ne ta auna guda ɗaya: shekarunsa nawa, nisansa nawa, kuma ƙura nawa ce tsakaninmu da shi. Manyan taurari su ke fara mutuwa, in ji ta, saboda haka in ka ga waɗanda suka rage, ka auna haskensu da launinsu, ka san shekarun gidan.

"To da me kike aunawa?" ya ce.

Ta ce akwai taurarin ma'auni, waɗanda an riga an san haskensu. Su ne mudunta. Sai ta ɗauki hoton gungu, ta ɗauki nasu da na'ura ɗaya, ta gwada wannan da wancan.

Tun daga ranar ya sa mata suna 'Yar Mudu. Ita kuma ta ce masa Bakanike, don ta ga yana jin haushin sunan.

Kafin wata ya ƙare, saƙonsa ya zama abin da take fara dubawa in ta tashi barcin rana.

"'Yar Mudu, na bar miki bargo a kan kujera, na kuma gyara hitar ruwa. In kin gama ƙirga tsofaffinki, ki tuna akwai wani yaro a gindin tudu da ba a auna shi ba tukuna."

Ta amsa: "Bakanike, na auna ka tuni. Nauyin baki ya yi yawa, hankali kuma ana kan bincike. Na gode da bargo. Na yi kewarka, amma kada ka sa a ka."

A gida maganar aurensu ba ta yi daɗi ba. Mama ta riga ta yi wa kanta zaɓi, wato Dakta, ɗan ƙawarta, malami a sashen su Auta, wanda ke taimaka mata da lissafin binciken. Mutum ne mai tsabta da ladabi, ba ya zuwa hannu rabbana, kuma bai taɓa ɗaga murya ba. Auta dai ba ta taɓa jin ya yi dariya da cikinsa ba.

Baba tsohon hedimasta ne, ba ya yanke hukunci bai ga ɗalibi ba. Ya sa aka kira Injiniya, ya zaunar da shi a falo, ya kashe rediyo, ya yi masa tambayoyi kamar mai neman shiga aji ɗaya. Da ya gama sai ya ce ba shi da ƙorafi a kan halinsa, amma ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ƙafarsa ɗaya ke waje ba. Ran da aka tabbatar da shi a aiki, ya turo manyansa. In ba a tabbatar ba, kada ya wahalar da takalminsa.

Mama ta ce wannan adalci ne. A ranta kuwa addu'a take yi ta daban.

Auta ta koma tudu. Dararen farko sama ta yi tas, ta ɗauki hotunan gungunta har ta ƙoshi. Sai dai kullum kafin ta juya kan taurarin ma'auni, gajimare ya taso ya rufe sama. A ƙa'ida, a dare ɗaya ake ɗaukar su biyun. Ta san haka sarai, amma lokacinta ya kusa ƙarewa, ta ce a ranta na'ura ɗaya ce, madubi ɗaya ne, me zai canza? Aka shiga kwanakin ruwa, ta sauka gida ta huta. Da sama ta washe ta dawo ta ɗauki taurarin ma'aunin, ba ta gaya wa kowa ta raba su ba.

Sakamakon da ya fito ya sa Dakta cire tabarau. Gungun ya fita da nisa, ya fita da tsufa fiye da kusan duk irinsa da aka sani. Ya sake lissafin da kansa, amsa ɗaya. Nan da nan labari ya kai ga Farfesa, aka sa ranar da Auta za ta gabatar a gaban baƙi daga wasu jami'o'i, Dakta kuma ya fara rubuta takarda da sunansa a gefen nata. Har gida ya je ya yi wa Mama albishir cewa 'yarta za ta yi suna.

Kowa na murna, ita kuwa hankalinta bai kwanta ba. Abin ya yi kyau da yawa, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Ana saura kwanaki taron, ta hau tudu don ta ɗauki hoto ɗaya mai kyau da za ta nuna wa baƙi. Da safe ta buɗe shi kusa da tsohon, sai ta ga kowane tauraro ya ƙara haske, ya kuma rage ja. Tauraro ɗaya na iya canza haske, wannan ba labari ba ne. Amma gari guda ba ya canzawa rana ɗaya.

Ta rubuta wa Injiniya: "Bakanike, hotunan sun fi da haske. Ka canza wani abu a na'ura ne?"

Amsar ba ta ɓata lokaci ba.

"Sai yanzu kika lura, 'Yar Mudu? Na yi ta jira. Ranar da kika ce ƙananan taurarinki na ba ki wahalar gani, abin ya tsaya min a rai. Da kika gama hotunanki kika tafi gida, na wanke miki madubin tas, da auduga da tataccen ruwa, ko ƙwarzane babu. Kyautata ce. Ta zauna tsakaninmu, kin san doka."

Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta kifa wayar a kan tebur.

Da madubi mai datti ta ɗauki gungu, da wankakke ta ɗauki ma'auni. Ta auna hatsi da mudu ɗaya ta biya da wani. Tsufan nan da nisan nan da ake ta yi wa shewa, dattin madubi ne kawai. Shi ya ɗauka ta gama komai a dare ɗaya kamar kowa, ita ta ɗauka madubi ba ya canzawa. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da ya fi tsorata ta ba digirin ba ne. In ta faɗi gaskiya za a tambayi me ya canza, in aka tambaya za a kai ga madubi, in aka kai ga madubi aikin Injiniya ya tafi, maganar Baba kuma ba ta tashi.

Ta fara zuwa wurin Dakta, don shi ya san lissafin. Ya saurare ta har ƙarshe, ya tashi ya tura ƙofar ofis, ya dawo ya zauna. Cikin taushin murya ya ce ba wanda zai sake auna wannan gungun nan da shekaru masu yawa, kuma baƙi sun riga sun shirya. A bar taro ya wuce, daga baya a gyara a hankali.

"In kuwa kin matsa sai an tona," ya ce, "ni ba abin da zai same ni. Yaron naki ne zai sauka daga tudu. Ki yi tunani, ni mai rufa miki asiri ne, yau da gobe."

Ta fito daga ofishin. Ta gane sarai cewa asirin da Dakta ya rufa, shi zai riƙe makullinsa har abada.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta ɗaga wayar Injiniya ba. Me za ta ce masa? Mama ta ga ta rame ta ce zumuɗin taro ne. Dakta ya riƙa kawo ta gida a motarsa, labari kuma ba ya rasa mai kai shi tudu. Sai ga saƙon Injiniya:

"Auta, an ce min kullum kina tare da Dakta. Ban yarda ba, amma shirunki ya fara ba ni amsa. In kyautata ce ta yi ƙanƙanta, ki faɗa min. In ni ne na yi ƙanƙanta, shi ma ki faɗa min, zan iya ɗauka."

Tun da suka san juna bai taɓa kiranta Auta ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Jajibirin taro ta hau tudu da yamma. Ta same shi zaune a matakalar kubba, bai tashi ba, bai kuma yi mata wasa ba. Ta zauna nesa kaɗan ta gaya masa komai, tun daga gajimaren da ya hana ta ɗaukar ma'auni har zuwa maganar Dakta. Tana magana fuskarsa na canzawa, har ya sa hannu biyu ya dafe kai.

Ta ce ta riga ta samo mafita. Ba za ta tsaya gaban mutane ta faɗi abin da ta san ba haka yake ba, kuma ba za ta zauna a tafin hannun Dakta ba. Gobe da safe za ta je wurin Farfesa ta ce ita ce ta cakuɗa hotuna, ta haɗa na wani da nata. Za a yi mata faɗa, za a ƙara mata shekara, wataƙila a daina yarda da aikinta, amma ba wanda zai leƙa madubi.

"Za a ce ba ki iya aikinki ba," ya ce.

"A ce. Shekara ɗaya ce, Bakanike. Kai kuwa in ka tafi, Baba ba zai saurare mu ba."

"Kuma ki fara zama da ni da ƙarya a bakinki, saboda ni."

"Na yarda."

Rana ta faɗi, iska ta fara sanyi. Daga ƙarshe ya ce to, ta je ta huta, Allah ya kai mu goben. Ya raka ta har mota, ya rufe mata ƙofa da kansa. Yadda ya amince da sauƙi bai kwanta mata ba, amma gajiya ta hana ta bin maganar.

Da sassafe ta isa sashen, tana maimaita ƙaryarta a zuci don kada ta yi tuntuɓe. Tana kaiwa ƙofar Farfesa, ƙofar ta buɗe, Injiniya ya fito sanye da rigar da ya sa ranar da ya je gaban Baba. Ta bayansa ta hango makullan kubba a kan tebur.

"Me ka yi?" ta ce.

"Na gyara abin da na ɓata. Aikina ke nan."

Farfesa ta kira ta ciki. Tsohuwa ce mai kaifin ido, ba ta iya zagaye ba. Ta ce raba gungu da ma'auni sakaci ne, kuma Auta za ta sake aikin daga farko a shekara mai zuwa. Taro an soke. Game da shi kuwa, ta ce ta ji daɗin gaskiyarsa, ta kuma gane daga hasken hotunan cewa wanki ne na gwani, amma akwai wasu ɗalibai da ya jefa ma'auninsu cikin shakka, kuma dokar da ta kori na farko ba za ta tsallake na biyu ba. Auta ta roƙa har da hawaye. Farfesa ta miƙa mata hankici, ba ta canza magana ba.

Kafin azahar labari ya riga Auta isa gida, Dakta ya kai wa Mama da kansa, cikin jimami mai kyan gani. Auta ta tarar da Baba a falo, rediyo a kashe. Bai tambaye ta komai ba. Gidan ya yi tsit, ko cokali Mama ba ta bari ya yi ƙara.

Da yamma aka yi sallama. Auta ta san muryar, ta laɓe a bayan labule.

Injiniya ya durƙusa ya gaida Baba, ya ƙi hawa kujera. Ya ce ya zo ne don kada a ji a bakin wani kawai: an sallame shi, laifinsa ne, kuma ya san sharaɗin da aka yi. Bai zo roƙo ba, ya zo ya sauke wa Baba nauyin alkawari.

Baba ya ce ya ji an ce ba wanda ya kama shi. Injiniya ya ce haka ne. Baba ya ce ya kuma ji an ce akwai wanda ya yi tayin rufe maganar. Injiniya ya ce shi ma haka ne.

"To me ya kai ka?"

"Baba, ita za ta ɗauka a kanta. Sunanta ne a jikin aikin, da shi za ta ci abinci har tsufanta. Ni ina da hannu, ko'ina zan iya kama sifana."

Baba ya waiwaya wajen labule. Sannan ya ɗaga murya kaɗan ya ce wadda ke bayan labule ta fito, tun ɗazu yake ganin yatsun ƙafarta. Ya tambaye ta ko gaskiya ne ta yi niyyar yin ƙarya. Ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne. Ya ce wannan za su yi maganarsa daga baya, kuma ba za ta ji daɗinta ba.

Ya juya wurin Mama, wadda ta tsaya a ƙofar kicin. Ya ce yau mutum biyu sun nuna masa yadda za su riƙe masa 'ya. Ɗaya ya ce ta yi shiru ya rufa mata asiri, ɗaya ya ajiye abincinsa don kada ta buɗe baki da ƙarya. Shekarun da ya yi yana koyarwa, bai taɓa samun jarrabawa mai sauƙin maki irin wannan ba. Mama ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dubi fuskar 'yarta, ta fasa.

"Na ce sai an tabbatar da kai," in ji Baba. "Ban faɗi wanda zai tabbatar ba. Ka nemi abin yi, ko ƙarami ne, ka turo manyanka."

Injiniya ya kasa ɗaga kai. Auta kuwa ta zauna a ƙasa inda take, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Bai koma tudu ba. Ya samu wuri a wani shagon gyaran na'urorin asibiti a cikin gari, ɗaki ɗaya da benci da fanka mai ƙara. Ita ta sake hawa ita kaɗai, ta ɗauki gungu da ma'auni a dare ɗaya. Gungun ya fito tsoho daidai gwargwado, mai matsakaicin nisa, ba abin da zai tara baƙi. Dakta ya cire sunansa daga takardar tun kafin a tambaye shi. Da ta tura wa Injiniya sakamakon, ya amsa: "Barka, 'Yar Mudu. Ba shi da suna, amma naki ne, kuma ba wanda zai zo ya ƙwace. Saura ni."

Bayan ta kammala digirinta aka ɗaura aure. Farfesa ta zo, ta zauna kusa da Mama, wadda zuwa lokacin ta fi kowa cewa ita dama tun farko yaron ya kwanta mata. Da za a tafi da amarya, Baba ya sa su durƙusa a gabansa, ya dafa kan Auta. Ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya ce Allah ya sa su tsufa tare. Sannan ya dubi ango ta saman tabarau.

"Kai kuma, ga nasiha ɗaya. Duk ran da zuciyarka ta raya maka ka yi mata abin alheri a ɓoye, don Allah ka fara tambayarta."

Falon ya ɗauki dariya, har amarya a cikin lulluɓi. Ango ya ce ya ji, ya kuma ɗauka. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa albarka a gidansu, ya kare su daga sharrin da ake gani da wanda ke zuwa da fuskar alheri. Amin.